Bayan an dasa wa dattijo na'urar ji: yadda ake horar da kunne da ƙwaƙwalwa a gida

Ranar da aka kunna na'urar ji da ake dasawa a cikin kunne (cochlear implant a Turance), galibi mako biyu zuwa huɗu bayan tiyata, dattawa da yawa ba sa jin abin da suka sa rai. Wani ya ce kowa ta cikin gwangwani yake magana. Wata ta ce muryar mijinta da ta jikarta duk ɗaya ce, 'yar siririya. Wani ma ba magana yake ji ba, sai fito da ƙarar ƙararrawa duk sanda aka buɗe baki. 'Ya'yan da suka haɗa kuɗi masu kauri, wataƙila har da tafiya Indiya ko Masar, sai jikinsu ya yi sanyi. To, aikin bai ɓaci ba. Haka farkonsa yake ga kusan kowa. Abin da aka yi a gida cikin wata shida na farko yana da babban tasiri wajen raba wanda zai koma zaman majalisa da wanda zai jefa na'urar a durowa.

Dalilin da ya sa sautin yake zuwa a baƙo

Can cikin kunne akwai wani ƙashi mai naɗi irin na katantanwa, naɗi biyu da rabi da ɗan ɗoriya, wanda in an miƙe shi tsawonsa wajen milimita 35 ne. A cikinsa ƙwayoyi masu gashi wajen 3,500 ne ke miƙa sauti ga jijiyar ji, kowace da nata yanki: na bakin katantanwar suna ɗaukar siraran sautuka, na can ƙuryar suna ɗaukar masu kauri. Idan waɗannan ƙwayoyi sun mutu ba sa sake tsirowa. Abin da likita ya zura a madadinsu siririyar waya ce mai ɗigogin lantarki: 22 a na'urar kamfanin Cochlear na Ostireliya, 16 a ta Advanced Bionics na Amurka, 12 a ta MED-EL na Ostiriya. Yawan ɗigogin ba shi ke nuna wadda ta fi kyau ba. Abin lura dai shi ne 'yan ɗigogi ne ke riƙe da aikin dubbai, kuma wayar ba ta cika kaiwa ƙarshen ƙuryar ba, shi ya sa muryoyi kan fito sirara da farko.

Harshen yana nan daram a kan dattijo. Abin da ya sauya shi ne yadda saƙon ke isowa, kamar wanda duk rayuwarsa boko yake karantawa aka miƙa masa wasiƙa da ajami: Hausar da ya sani ce, sai dai ya koyi sababbin haruffan. Ƙwaƙwalwar ɗan shekara 75 tana iya wannan koyon. Tun da Graeme Clark a Melbon da Ingeborg da Erwin Hochmair a Biyana suka ƙirƙiro irin wannan na'ura mai ɗigogi da yawa aka fara dasa ta a ƙarshen shekarun 1970, abin da likitoci suka yi ta gani shi ne daɗewar da mutum ya yi cikin kurumta ta fi yawan shekarunsa tasiri a kan sakamako. Wanda ya yi shekara 3 da rasa ji zai fi saurin kamawa a kan wanda ya yi 25, ko da na farkon ne ya fi tsufa.

Mataki na farko: a sa ta, a bar ta a kai

Babu atisayen da zai maye gurbin wannan. Daga tashi barci har kwanciya, ban da lokacin wanka, na'urar waje, wato ɓangaren da ake maƙalawa daga wajen kai mai ɗauke da makirufo da batir, ta kasance a kai. Awa 10 zuwa sama ake nema. Masu bincike a Jami'ar Vanderbilt ta Amurka sun nuna a 2020 cewa yawan awannin da babba ke sa na'urar kullum yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da yadda yake gane magana. Na'urar kuma tana rubuta awanninta da kanta, mai saiti, wato ƙwararren da ke daidaita na'urar, yana gani a kwamfuta, don haka babu amfanin a ce masa "kullum tana kaina" alhali sai baƙi sun zo ake ɗaukowa.

A makon farko ƙarar duniya za ta ishi Baba. Takun silifa, cokali a kwano, ƙugin fanka, numfashinsa ma. Idan ya gaji, a kai shi ɗaki mai shiru ya huta da na'urar a kansa, maimakon a cire ta. Ƙwaƙwalwa ba za ta koyi watsar da ƙarar fanka ba sai ta ji ta har ta gundure ta.

Akwai ƙananan abubuwan da ke sa dattawanmu cire ta, a kuma manta ba a mayar ba. Na gaba-gaba alwala ce: a cire na'urar waje kafin shafar kai da kunne, a goge wurin, a mayar nan take. Abin da ke cikin kai ruwa ba ya taɓa shi matuƙar ciwon tiyata ya warke. Sai hula ko ɗankwali ko hijabi da ke gogar makirufo yana ta ƙarar shaa-shaa. A sassauta ɗaurin ko a sauya yadi mai laushi. Idan faifan maganaɗisun da ke manne na'urar waje da abin da aka dasa a cikin kai yana faɗuwa a sujada, a gaya wa mai saiti ya duba ƙarfinsa, kada a ƙara masa ƙarfi da ka, domin wanda ya matse da yawa yana cin fata. Sai batun wuta: batir mai caji biyu, ɗaya a kai ɗaya a caji, da ajiyar batir ɗin yarwa mai lamba 675 in na'urar tana karɓa. Gumi da ƙurar hunturu kuwa, maganinsu shi ne kowane dare na'urar ta kwana a akwatin busarwa.

Wa zai zauna da shi?

A ganina wannan ya fi zaɓen manhaja muhimmanci. Atisayen ji cike yake da kuskure da gyara, ga shi dattijo bai saba a ce masa "ba haka ba ne" ba. Suruka ba za ta iya ba, kunya ba za ta bar ta ba, shi ma ba zai sake ba. Ɗan fari sau da yawa haka. Wanda ya fi dacewa jika ne mai hankali, ɗan shekara 12 zuwa sama, domin tsakanin jika da kaka akwai wasa. Jika zai ce "Tsoho, yau kuma kaza ta koma kifi?" a yi dariya a wuce. Aboki na ƙuruciya ko ƙawa su ma suna yi. A fara da mutum ɗaya wanda muryarsa ta zauna wa dattijon a kai tun kafin jinsa ya tafi, bayan makonni a shigo da wasu muryoyin, na maza da na mata.

Minti 20 zuwa 30 a rana, kwana biyar ko shida a mako, ya wadatar. In an raba biyu, ɗaya da hantsi ɗaya bayan la'asar, ya fi. Sauraro da wannan na'ura aiki ne mai gajiyarwa, kuma atisayen da aka yi a gajiye ɓacin rai kawai yake haifarwa.

A zauna ɗaki mai labule da darduma ko katifa, saboda ɗakin da babu komai sai tayil da siminti yana amsa kuwwa. A kashe fanka da rediyo. Mai horarwa ya zauna ta ɓangaren da aka yi dashen, tazarar kamu biyu zuwa uku. Idan ɗaya kunnen yana da na'urar ƙara ji ta gargajiya, a cire ta lokacin atisaye kawai, don sabon kunnen ya yi aikin da kansa. Sauran yini a sa duka biyun, sai fa in mai saiti ya ce wani abu dabam. Dole kuma a ɓoye baki, don wanda ya daɗe bai ji ba ya ƙware wajen karanta leɓe ko bai sani ba. Kada a rufe da hannu ko littafi, suna toshe sautin. A samu rariyar tankaɗe a lulluɓa mata baƙin ƙyalle marar kauri: murya na wucewa, ido ba ya gani. Magana kuma a yi ta da murya ta yau da kullum, a ɗan sassauta gudu. Ihu yana murɗe sauti ne a cikin na'urar.

Gwajin safe na minti ɗaya

Wani masanin koyar da kurame magana, Daniel Ling, ya tsara sautuka shida da suka ratsa faɗin maganar ɗan Adam daga mai kauri zuwa siriri: mmm, uuu, aaa, iii, shhh, sss. Kowace safiya a faɗe su ɗaya-ɗaya daga bayan rariya, a riƙa sauya jerin, dattijo ya maimaita. A ɗan yi shiru a tsakani wani lokaci, don a tabbatar ba cinke yake yi ba. Idan jiya yana jin sss yau kuma babu, a duba batir, a duba murfin makirufo ko ya toshe da ƙura, a duba 'yar wayar da ta haɗa na'urar da faifai. In duk lafiya lau ne kuma abin ya kwana biyu, a kira mai saiti.

Hawa huɗu

Masu wannan sana'a suna bin tsarin da Norman Erber ya shimfiɗa a 1982: a ji akwai sauti, a bambanta sauti biyu, a gane wane ne, sannan a fahimci magana. Wanda ya girma yana ji kafin ya kurumce ba ya daɗewa a hawan farko. Kwana kaɗan na zagaya gida ya isa: a buɗe famfo, a ƙwanƙwasa ƙofa, a kaɗa makullai, a tsaya a saurari kiran salla ko kukan zakara, a gaya masa abin da ya ji. Da ya haɗa sauti da mai shi sau biyu-uku, ya zauna.

Hawa na biyu da na uku su ne wurin zama. A fara da tsawon kalma, domin na'urar ta ƙware wajen isar da tsawo da bugun gaɓoɓi. A ce "sha" da "talabijin", wanne ne na biyu? Sannan a kawo tire a ɗora abubuwa huɗu masu sunaye mabambanta tsawo: goro, makulli, carbi, tocila. Jika ya ɗaga rariya ya ce, "Kaka, miƙo min makulli." Hannun Kaka ya nufi carbi, ya tsaya, ya dawo. Jika ya sake faɗa sau ɗaya. In bai samu ba, sai ya sauke rariyar ya faɗa Kaka na kallon bakinsa, ya sake ɗagawa ya faɗa a ɓoye. Wannan jerin na ji, gani, sake ji, shi ne zuciyar horon gaba ɗaya: kunne ne ke fara gwadawa, shi ne kuma ke yin na ƙarshe. Idan yana samun takwas cikin goma, a ƙara kaya a tiren ko a kawo masu kama da juna. Idan bai kai rabi ba, a rage. Tsakanin nan koyo yake.

Daga nan sai wasula, waɗanda suka fi sauƙi: gida, gada, guda, kara, kira, kura. A rubuta su manya-manya da boko ko ajami, ko a zana hoto, ya nuna wanda ya ji. Baƙaƙe sun fi wuya. A fara da na nesa da juna, kamar masa da kasa, sannan a matso: fata da sata, mata da nata, bara, dara, gara, sara, shara, tsara, zara. Irin su b da d, ko m da n, kunnen na'ura yana yawan rikita su, amma ido yana raba su cikin sauƙi a hira ta gaske, don haka kada a tayar da hankali a kansu. Waɗanda suka cancanci ƙarin lokaci su ne masu ƙugiya, don leɓe ba ya nuna bambancinsu ko kaɗan: baki da baƙi, kafa da ƙafa, kaya da ƙaya, bata da ɓata, daka da ɗaka. Waɗannan kunne kaɗai zai raba.

Ga wani abu da manhajojin da kamfanoni ke bayarwa ba za su koya wa Bahaushe ba. Irin su Angel Sound, wadda kyauta ce, da waɗanda Cochlear da MED-EL da Advanced Bionics suka fitar, suna da amfani ga dattijon da Turanci ya zauna masa. Amma Turanci ba ya raba kalmomi da karin sauti, Hausa kuwa tana yi, ga shi hawa da saukar murya na daga cikin abubuwan da na'urar ta fi rauni wajen isarwa. An ga haka sosai a binciken da aka yi kan masu jin Sinancin Mandarin, wanda shi ma harshe ne mai karin sauti, an kuma ga horo yana taimakawa. Garin da ake zama da garin tuwo tsawon wasali ne ya raba su, don haka Baba zai kama su da wuri. Kukan yaro da kukar miya kuwa, ko wuyan riga da wuyar aiki, idan aka faɗi kalmar ita kaɗai, kari ne kawai bambancin. A gwada: a ajiye ƙullin garin kuka a tire, a ce "kuka", ya nuna ƙullin ko ya nuna idonsa. A fara da ɗan ƙara gishiri a hawa da saukar muryar, a hankali a dawo daidai. Wasu za su kama cikin makonni, wasu ba za su taɓa kamawa sosai ba, kuma ba komai, tunda a cikin jimla babu mai rikita miyar kuka da kukan jariri.

Inda abin ke iya jawo saɓani shi ne irin "ya zo". In an ja "ya" da murya sama, mutum ya riga ya iso. In an gajarta ta da murya ƙasa, umarni ne a kira shi. Mutanen gida su saba cika maganarsu: "ya riga ya zo", ko "a ce masa ya zo". 'Yan kalmomin da aka ƙara sun ɗauke wa dattijo nauyi mai yawa.

Daga kalmomi zuwa zance

Kada a jira sai an gama da kalmomi kafin a shiga jimloli. Tun makon farko a haɗa, domin jimla takan fi kalma ɗaya sauƙi, ƙwaƙwalwa na cike giɓi da abin da ta sani. A fara da gaisuwa, wadda ya sha ji sau dubbai: ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya jiki. A faɗi maudu'i tukuna, a ce "zancen gona za mu yi", sannan a kawo jimloli a kansa. Daga baya a daina faɗar maudu'in.

Sai sauraro tare da bin rubutu. Mutum ya karanta labari daga jarida, dattijo na bin kwafinsa da yatsa. Mai karatu ya tsaya kwatsam, a ga ko yatsan ya tsaya a daidai wurin. Ga Musulmi akwai wata dama babba: abin da ya haddace tun yana yaro. A sa masa karatun Alƙur'ani na makaranci mai bi a hankali, irin na Shaihu Mahmud Khalil Al-Husari na Masar, a fara da gajerun surori, yana bi da Mus'hafi ko da ka. Tunda ya san abin da ke zuwa, ƙwaƙwalwa tana ɗaura sabon sautin a kan tsohon sani. Kirista ma haka zai yi da ayoyin Littafi Mai Tsarki da addu'o'in da ya haddace. Sai dai wannan ba ya wadatarwa shi kaɗai, don sanannen abu ba ya gwada mutum. Dole a haɗa da sabon zance.

Idan wannan ya zauna, a karɓe takardar daga hannunsa. A karanta guntuwar jimla, ya maimaita kalma da kalma, sai ya samu daidai a wuce. A yi minti biyar, a ƙirga kalmomin da aka ci, a rubuta. Wannan lissafin na mako-mako shi ne zai nuna ci gaban da ido ba ya gani, kuma ranar da Baba ya ce "ni ban ga abin da ya ƙaru ba", littafin zai amsa.

Rediyo ya zo daga baya, don babu fuska babu maimaici. Labaran duniya na BBC Hausa ko DW ko RFI, inda mutum ɗaya ke karantawa cikin natsuwa, sun fi shirin da ake kiran waya ana katse juna. A fara da kanun labarai, a kashe, a tambaye shi ƙasashen da aka ambata.

Hayaniya da waya

Rayuwa ba a ɗaki mai shiru take ba. Idan yana samun yawancin jimloli cikin shiru, a kunna fanka a maimaita atisayen da ya riga ya iya. Sannan rediyo ƙasa-ƙasa a bayansa. Sannan tsakar gida ana daka. Mafi wuya shi ne wasu mutane na hira a gefe, domin ƙwaƙwalwa na son bin kowace murya. A taron suna ko ɗaurin aure, ya zauna hayaniya na bayansa, mai magana na gabansa, haske na kan fuskar mai maganar. A masallaci ko coci ya matsa gaba kusa da mai magana, don tsakiyar babban ɗaki mai lasifika huɗu amsa-kuwwa ce zalla. Akwai ƙaramin makirufo da ake maƙala wa mai magana a riga, yana aika murya kai tsaye cikin na'urar. In da hali, a cikin kayan ƙari babu wanda ya kai shi amfani.

Ya kuma koyi tambaya mai kyau. "Na'am?" tana sa a maimaita duka jimlar da ƙarfi. "Na ji ka ce ranar Talata, amma ƙarfe nawa?" tana kawo abin da ya ɓace kaɗai.

Layin waya na gargajiya yana yanke sautukan da suka haura wajen 3,400 a ma'aunin siranta, inda s da sh suke da yawan bayaninsu, shi ya sa waya ke ba da wuya. A fara da saƙon murya na WhatsApp, wanda za a iya saurara sau biyar ba mai ƙosawa. 'Ya'yan da ke nesa su riƙa turo gajeren saƙo kullum, a ƙasansa su rubuta abin da suka faɗa. Sannan kiran bidiyo. Sannan kiran murya daga ɗaki zuwa ɗaki da tambayoyin da amsarsu i ce ko a'a. Idan wayar na iya tura sauti kai tsaye cikin na'urar, a haɗa su.

Batun ƙwaƙwalwa

Iyalai sukan yi ƙorafin cewa Hajiya ta ji, har ta maimaita, amma bayan minti biyar ta manta. Sau da yawa ba ruɗewar tsufa ba ce. Duk ƙarfin ƙwaƙwalwar ya tafi wajen warware sautin, babu ragowar da za ta adana saƙon. Da ji ya yi sauƙi, riƙewa na dawowa.

Alaƙar rashin ji da ciwon mantuwa ba zato ba ce. Kwamitin masana na mujallar likitanci ta Lancet, a rahotonsa na 2024, ya sa raunin ji cikin abubuwa 14 da ake iya magancewa masu ƙara haɗarin ciwon, ya alaƙanta shi da kashi 7 cikin 100 na masu kamuwa da ciwon. A Faransa, Isabelle Mosnier da abokan aikinta sun bi dattawa 94 masu shekara 65 zuwa 85 da aka yi wa dashe aka kuma ba su horon ji, suka wallafa a 2015 cewa cikin waɗanda suka fi rauni a gwajin ƙwaƙwalwa kafin tiyata, wajen kashi 80 cikin 100 sun inganta bayan shekara ɗaya. Labari mai daɗi, amma a riƙe shi da hankali: babu rukunin da aka bari ba dashe don a kwatanta. Babban gwajin da Frank Lin na Jami'ar Johns Hopkins ya jagoranta, wanda ya fito a 2023 kan mutum 977 da na'urar ƙara ji ta gargajiya, bai ga bambanci a kan kowa da kowa ba cikin shekara uku, sai a rukunin da suka fi haɗarin ciwon, inda raguwar ƙwaƙwalwa ta sassauta da kusan rabi. Don haka kada wani ya sayar muku da na'urar a matsayin maganin mantuwa.

Haka wasannin waya da ake tallatawa da sunan horar da ƙwaƙwalwa. A 2016 hukumar kare masu saye ta Amurka ta sa kamfanin Lumosity biyan dala miliyan 2 saboda alƙawuran da ba su da hujja. Abin da aka fi tabbatarwa shi ne mutum yana ƙwarewa a abin da ya yi ta yi. Tunda abin da muke so shi ne Baba ya ji, ya riƙe, ya amsa, to shi za a yi ta yi, a cikin zance.

Aike shi ne mafi sauƙi. "A sayo sukari da ashana." Ya maimaita. A ƙara sabulu, a ƙara man gyaɗa, har inda ya tsaya. Bayan an yi wata hirar ta minti biyu, a tambaye shi me da me aka ce a sayo. Sai lissafi da baki: mudu uku a kan naira 1,200 kowane, an ba da 5,000, nawa ne canji? Tsohon ɗan kasuwa zai riga jikan samun amsa, abin da ake gwadawa shi ne ko ya ji lambobin ya riƙe su. A faɗi lambobi uku ya maido su daga ƙarshe zuwa farko, sannan huɗu. Bayan labaran rana, ya ba wanda bai saurara ba labarin da bakinsa.

Wanda na fi so shi ne karin magana, don a nan dattijo ne malami. Jika ya ce daga bayan rariya, "Komai nisan jifa…" Kaka ya ƙarasa. Daga baya jika ya riƙa sauya kalma ɗaya da gangan, ya ce hannu biyu ba ya ɗaukar jinka, a ga ko Kaka zai kama shi. Wannan yana tilasta masa sauraron abin da aka faɗa da gaske, ba abin da yake tsammani ba, wanda shi ne babban tarkon masu na'ura: cinke mai kyau har ya zama ba a saurara. Kacici-kacici da tatsuniya suna yin irin wannan aikin. Dara ma haka, in ana yi ana hira, saboda hankali ya rabu biyu ke nan kamar yadda yake a rayuwa. Tafiya ana zance ita ma horo ce, amma tiyatar kunne takan bar jiri na ɗan lokaci, don haka sai ƙafa ta tsaya sosai, a fili mai laushi, da wani a gefe.

Sauran abubuwan kowa ya san su, sai dai a tuna: hawan jini da ciwon suga a riƙe su da magani, a samu barci, a motsa jiki. Ido kuma a duba shi. Mai yanar ido ya rasa rabin taimakon da leɓe ke ba shi, kuma raunin gani ma yana cikin jerin nan na 14.

Littafi, mai saiti, da alamun haɗari

Na'urar ba a saita ta sau ɗaya a gama. A shekarar farko ana komawa sau da yawa, kusa-kusa a watannin farko, daga baya kamar sau ɗaya a shekara. Mai saiti yana daidaita mafi ƙarancin lantarkin da ake ji da mafi yawan da ba ya damuwa a kowane ɗigo, kuma bayanin da kuka kawo shi ne jagoransa. "Ba ya ji sosai" ba ta taimaka masa. "Yana rikita s da sh, muryar mata ta fi masa wuya, ƙarar kwano tana sa shi runtse ido" ita ce magana. Wanda aka yi wa aiki a waje ya nemi a ba shi kwafin saitinsa, ya tambayi kamfanin wa ke da kayan saita irin tasa a kusa, ko kuma ana iya yi masa ta intanet. Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna da sassan kunne, hanci da maƙogwaro na asibitocin koyarwa wurare ne da za a fara tambaya.

Ci gaba ya fi sauri a wata uku zuwa shida na farko, sannan ya riƙa tafiya a hankali har shekara ko fiye. Mako guda na tsayawa cik, musamman bayan sabon saiti, ba abin damuwa ba ne. Abin da ba a jira da shi shi ne ja, kumburi ko gyambo a ƙarƙashin maganaɗisu, ruwa daga kunne, tsuke-tsuken fuska ko ƙiftawar ido duk sanda aka yi ƙara, jin zafi kamar na lantarki, ko ji ya faɗi farat ɗaya. Zazzaɓi da ciwon kai da sanƙarewar wuya kuwa asibiti ne a daren, domin masu dashe suna da ɗan ƙarin haɗarin sanƙarau, mu kuma a yankinsa muke zaune; a tambayi likita allurar rigakafin da ake yi wa masu dashe in ba a riga an yi ba. Katin da aka bayar bayan tiyata ya zauna a aljihu, a nuna shi kafin a shiga na'urar hoton MRI, saboda maganaɗisun da ke cikin kai yana da ƙa'idojinsa, kuma sun bambanta daga wannan samfuri zuwa wancan.